SABUWAR MITA: A AUNA MU, A AUNA KAMFANI

Duk ɗalibin da ya taɓa kama ɗaki a Samaru ko Kabuga ya san ranar da takardar kuɗin wuta ke isowa. Masu haya su taru a tsakar gida su raba kuɗin da ba wanda ya san yadda aka lissafa shi. Mai ƙwan fitila ɗaya da rediyo ya biya daidai da mai firji da dutsen guga, alhali kuwa wata ya ƙare ba a ga wutar ba sai can tsakar dare. Wannan shi ne bil na ƙiyasi, watau a caje ka bisa zato. Da shi muka tashi muka tarar da iyayenmu suna fama.

Cutar kuwa tsohuwa ce. A 1972 aka kafa NEPA. A 2005 aka yi dokar gyaran harkar lantarki wadda ta haifi hukumar NERC mai sa ido. Daga ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka fara danƙa kamfanoni 11 na rarraba wuta ga 'yan kasuwa, cikinsu har da na Kano da Kaduna da Jos da Yola, bisa alkawarin za su wadata jama'a da mitoci. Aka fito da tsarin dillalan mita a 2018, aka ƙaddamar da shirin raba mita na ƙasa a 2020. Duk da haka, a ƙarshen 2024, cikin masu shan wuta fiye da miliyan 13 da ke rajista, masu mita ba su kai rabi ba.

To, yanzu ga magana ta taso ta baza sabuwar mita mai ƙwaƙwalwa a kan layukan wuta. Ya kamata mu san bambancinta da mai kati da muka saba. Mai kati kurma ce kuma bebiya: ka sayi lambobi 20, ka danna, ta ba ka yunit ɗinka, shi ke nan. Sabuwar kuwa tana ji tana magana. Tana rubuta abin da aka sha lokaci bayan lokaci, ta aika wa kwamfutar kamfani ta hanyar sadarwar wayar salula ko ta cikin wayar wutar kanta. Tana sanar da sa'ar da aka ɗauke wuta da sa'ar da aka maido, da ƙarfin wutar ko rauninta. In aka buɗe murfinta da niyyar sata, sai ta kai ƙara. Daga ofis ana iya zuba mata kuɗi, a yanke wuta, a maido, ba sai an zo da tsani ba. Ba kuwa sabon abu ba ne a duniya, don tun 2001 kamfanin Enel na Italiya ya fara wannan aiki, ya sa wa gidaje kusan miliyan 30 cikin 'yan shekaru.

Muna maraba da ita, ba shakka. Wanda ya sayi hatsi da mudu ya fi wanda aka zuba wa da ka kwanciyar rai. Amma lalle ne mu tsaya mu tambaya: wa wannan mudun zai auna? Dubi amfanin da aka fi yayatawa: kama ɓarawon wuta, tara kuɗi da wuri, yanke wa mai bashi nan take. Dukkansu na kamfani ne. Ba mu ƙi ba, domin satar wuta sata ce, kuma abin da ɓarawo ya sha a kan mai gaskiya ake ɗora shi. Sai dai ciniki ƙafa biyu gare shi. In akwai haƙƙin mai sayarwa, akwai na mai saye.

Ga inda gizo ke saƙa. Tun 2020 aka kasa masu shan wuta rukuni biyar bisa yawan sa'o'in da aka yi musu alkawari kowace rana: rukunin A sa'a 20, B 16, C 12, D 8, E kuwa 4. A watan Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, watau fiye da ninki uku, kodayake an ɗan sassauta daga baya. Hujjar tsadar ita ce sa'o'in nan 20. To, mai ɗinki ko mai niƙa da ke biyan wannan farashi, da me zai tabbatar an cika masa alkawari? Bakinsa ne kawai da na kamfani, kowa kuwa ya san wanda za a saurara. Sabuwar mita ita ce shaidar da talaka ya daɗe bai samu ba, gama ita ba ta barci, ba ta karɓar na goro. Amma in lissafin da take tarawa ya tsaya a aljihun kamfani kaɗai, to an mai da alƙali ɗan aiken ɗaya daga cikin masu shari'a.

Saboda haka abin da muke nema huɗu ne. Na farko, kowane mai mita ya sami ikon ganin lissafin sa'o'in wutarsa a wayarsa, hukuma kuma ta riƙa samun kwafi kai tsaye. In sa'o'in suka gaza, a mayar masa da rarar kuɗinsa yunit-yunit ba tare da ya rubuta takardar koke ba. Na'urar da ta iya yanke wuta cikin ƙiftawar ido ba za ta kasa biyan diyya ba.

Na biyu, a sa mita a kan kowace taransifoma tun kafin a shiga gidaje. Da haka za a gwada abin da ya shiga unguwa da abin da gidaje suka sha, a gane inda wuta ke zurarewa, ko ta hannun ɓarayi ko ta ruɓaɓɓun wayoyi, a daina ɗora asarar a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Na uku, a buga jadawalin rabo unguwa-unguwa kowa ya gani. Mun san halin rabo a ƙasar nan: unguwannin manya su ƙoshi, bayan gari su sha jira. Alhali mutanen bayan garin ne ƙiyasi ya fi yi wa illa. Wanda kuma ya sayi mita da kuɗinsa bisa alkawarin za a maido masa, a cika masa.

Na huɗu, a horar da 'ya'yan ƙasa kan haɗa mitocin da gyaransu. Jami'o'inmu da kwalejojin fasaha suna yaye injiniyoyin lantarki kowace shekara, da yawansu na zaman kashe wando. Abin kunya ne a ce mita ta lalace a Gusau a jira wani daga ƙetare.

Kada kuma mu ruɗi kanmu: mita ba ta haifar da wuta. A watan Oktoba 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir kuma ya sami matsala, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Mudu komai kyansa ba ya cika rumbun da babu hatsi. Amma aƙalla zai faɗi gaskiyar abin da aka auna, gyara kuwa daga sanin gaskiya yake farawa.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, wannan magana tamu ce. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu, ke nan shawarar ta matso kusa da gida, wasunku ma su ne za su riƙe fayil ɗin. Muna kira ga ƙungiyarmu ta shirya taron muhawara, ta gayyaci wakilan kamfani da na hukuma, mu yi musu tambaya ɗaya a bainar jama'a: lissafin da mitar za ta tara, wa zai gan shi? Mun yarda a auna mu har ƙwayar ƙarshe, da sharaɗin a auna kamfani da mudun da aka auna mu. Allah Ya sa mu dace, amin.