Ɗan Gidan Waye? Tambayar da Ta Ci Rundunoni Uku

Jama'a, in Barume ya faɗi sunansa, ya gama gaya maka asalinsa. Mai 'yanci yakan ɗauki suna uku: na yanka, na zuriya, sai na reshen gidansu. Ɗauki Publius Quinctilius Varus. Publius nasa ne, Quinctilius na tsohuwar zuriyar manya ce a birnin Rum, Varus kuwa laƙabi ne da aka gada, ma'anarsa mai karkatattun ƙafafu. Na tsakiyan nan shi ke buɗe ƙofa.

A shekara ta 27 kafin Miladiyya, Agustus ya raba lardunan daula biyu. Wasu ya bar wa majalisar dattawa, waɗanda ke cike da sojoji kuwa, irin su Siriya, ya riƙe a hannunsa, yana tura wakilin da ya ga dama ya mulke su. To, wa zai tura?

Varus ya haɗa komai. Ga suna, ga surukuta, don ya auri mace daga dangin Agustus. Aka ba shi Afirka, aka ba shi Siriya, sannan Jamus. A shekara ta 9 Miladiyya, Arminius, wani jagoran Jamusawa da Varus ya amince da shi, ya yaudare shi ya shiga dajin Teutoburg. An ma gargaɗe shi, bai ji ba. Rundunoni uku suka hallaka, shi kuma ya kashe kansa. Rum ba ta sake sa wa wata runduna lambobinsu ba: 17, 18 da 19.

Yanzu dubi Quintus Lollius Urbicus, mutumin Tiddis, wani ɗan gari a ƙasar Aljeriya ta yau. Gidansu ba ya cikin tsofaffin gidajen Rum. Amma shi aka ba Birtaniya wajen shekara ta 139, ya tura iyaka arewa, kuma a hannunsa aka fara ginin ganuwar Antoninus a Sikotland. Ga kuma Pertinax, ɗan 'yantaccen bawa, malamin nahawu, wanda ya mulki Siriya da Birtaniya har ya hau sarauta a 193.

Wani zai ce, "Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Gaskiya ne, ɗan gidan mulki ya tashi yana ganin yadda ake yi. Kuma kada mu ruɗi kanmu: shi ma Pertinax sai da wani babba ya kama masa hannu kafin ya samu shiga soja da muƙami. Hanya tana aiki, jiya da yau. Amma fa iyakarta bakin ofis. A cikin daji, babu wanda ya tambayi Varus sunan kakansa.

Abin da ya dame ni ke nan da mu ɗalibai. Kullum muna kuka cewa aiki sai ɗan wane. Amma da zaɓen ƙungiya ya zo, tambayarmu ta farko ita ce, "Ɗan ina ne? Ɗan gidan waye?" Agustus mutum ɗaya ne, ya zaɓi suruki, dubban sojoji suka biya da rayukansu. Mu kuwa ƙuri'a ke hannunmu. Kafin ka dangwala, tambayi ɗan takara abin da ya taɓa riƙewa, ko da kuɗin aji ne, da yadda ya ba da lissafinsa.