Kanya ta nuna, kada biri ya karye

Idan ɗari ya shigo ƙasar Arewa, kanya takan nuna a fadamun Dallol Mawri, tun daga Matankari da Dogon Dutsi har zuwa Tibiri. Yara su sha, tsuntsaye su sha, saura ta zube ƙasa ta ruɓe. Alhali kuwa a kantunan Yamai ma'aikata na zuba kuɗi wajen sayen kwanfitir ɗin Turai.

Kanya dangi ɗaya ce da kaki, wanda ake nomawa a Sin da Japan da Spaniya. Tun kaka da kakanni Hausawa na yin maɗi da ita. Dabarar ajiya ce ta rage.

Nunanna ake zaɓa, domin ɗanya bauri gare ta. A dafa da ruwa kaɗan, a tace a rariya, a fid da ƙwallaye. Kowane kilo 1 na tataccen a zuba masa sukari giram 750 da ruwan lemun tsami guda 4. Lemun nan wajibi ne, don kanya ba ta da isasshen tsami, kuma tsami ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa cikin rufaffiyar kwalba. A yi ta juyawa bisa wuta har ɗigonsa ya daina malala a faranti. A ɗura da zafinsa cikin tafasassun kwalabe, a rufe, a sake tafasa su minti 10. Duk wadda murfinta ya kumbura, zubarwa ake yi.

Itacen da ke kawo wa mai gona kuɗi kowace shekara, da wuya ya ɗora masa gatari.