Ina madugu, ina jagaba? Tsofaffin da muke sakawa a jirgi su kaɗai

Muna kan hanyar dawowa gida muka yada zango a ɗaya daga cikin manyan filayen jiragen sama na ƙasashen Larabawa, irin waɗanda mutum kan taka rabin sa'a daga wannan ƙofa zuwa waccan. A wata kusurwa muka hango dattijuwa zaune a ƙasa, ta jingina da bango, ta rungume jakarta kamar mai tsoron a ƙwace. Ɗaurin kallabinta ya sa muka yi mata sallama da Hausa. Ta ɗago kai ta amsa, hawaye na zuba.

Muka ce, "Mma, daga ina, zuwa ina?"

Ta ce, "Daga Kumasi, 'ya'yana. Amurka za ni, matar ɗana ce ta haihu."

Sa'a tara ke nan tana zaune a wurin. Ba ta ci kome ba, domin kuɗin da ke hannunta sidi ne, kuma ba ta san abin da ake sayarwa ba. Tun cikin jirgin farko ta ƙi shan ruwa don kada fitsari ya matsa mata. Salloli uku sun wuce ta, ba ta san gabas ba, ba ta san inda ake alwala ba, alhali akwai masallaci kusa da inda take. An sauya ƙofar da jirginta zai tashi, an yi sanarwa da Larabci da Turanci, ita kuwa tana nan tana gadin tsohuwar ƙofa. Da ba mu biyo ta nan ba, Allah kaɗai ya san inda gari zai waye mata.

Abu mafi sauƙi shi ne mu ɗora wa kamfanin jirgi laifi, mu zagi ma'aikatan filin, mu ce duniya ba ta ganin girman baƙar fata. Suna da nasu rabon, za mu zo kansa. Amma rabo mafi girma namu ne, mu 'ya'yan zango da ke New York da Hamburg da Landan, da mu da ke Nima da Mamobi da Aboabo muna raka iyayenmu filin jirgi, mu ɗauki hoto da su, mu juya gida. Mu muka sayi tikitin, mu muka zaɓi hanyar, mu muka ce "ai jirgi ne, ba wani abu." Kuma abin kunyar ya fi yawa a kanmu fiye da kowa a ƙasar nan, domin sunan unguwannin da aka haife mu ma sunan masaukin matafiya ne.

Mu tuna yadda kakanninmu suka iso nan. Fataken da suka taso daga Kano da Katsina zuwa Gonja neman goro sukan yi watanni a hanya kafin su ga Salaga, amma ba wanda ke fita shi kaɗai. Ayari yana da madugu, wanda ya san hanya da sarakunan da ke bakinta. Yana da jagaba mai wucewa gaba, da uban dawaki mai kula da kuɗin fito. In an sauka akwai mai masauki, shi zai ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya zame masa baki a kasuwar da ba ya jin yarenta. Bayan yaƙin Salaga na 1892 mutane suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da wasu garuruwa, suka tafi da wannan tsari duk inda suka sauka. Haka 'yan'uwanmu na gabas: masu tafiya Makka a ƙasa sun bi ta Barno da Chadi da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, wasu suka yi shekaru a hanya, wasu suka zauna a Sudan har yau, kamar mutanen Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu. Tafiyarsu ta fi tamu wuya nesa ba kusa ba. Duk da haka tsohuwa a cikin ayari tana da mai riƙe mata hannu, tana da wanda za ta gaya wa ciwonta da harshenta.

Yau tafiyar watanni ta koma ta yini guda, sai muka ɗauka wahala ta ƙare. Wanda bai taɓa yin doguwar tafiya a sama ba yana ganin zama ne kawai a kujera ana kawo abinci. Bari mu faɗi abin da ke faruwa da jiki. Jirgi kan yi sama da kilomita 10 daga ƙasa, kuma iskar da ke cikinsa daidai take da ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. Saurayi ba zai ji kome ba, amma mai ciwon zuciya ko na huhu zai ji. Iskar a bushe take kamar ta tsakiyar hunturu, tana tsotse ruwan jiki, shi ya sa ƙin shan ruwa da tsofaffinmu ke yi don gudun bayan gida yake da haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zama wuri ɗaya fiye da sa'a 4 a tafiya yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, kuma gudan jinin nan in ya ɓalle ya kai huhu yana iya kisa. Maganinsa tashi a ɗan taka, da motsa ƙafa, da shan ruwa. To, wa ya gaya wa Mma haka? An zaunar da ita a kujerar tsakiya, tsakanin maza biyu baƙi, kunya ba za ta bar ta ta ce su tashi ta wuce ba. Ƙofar bayan gidan ma ba ta san yadda ake kulle ta ba, ga ƙarar da yake yi in an danna, wadda ta isa ta firgita wanda bai saba ba.

Sai batun lokaci. New York tana bayan Ghana da sa'a 4 ko 5, gwargwadon yanayin shekara. Mai ciwon sukari da ke yin allura a ƙayyadadden lokaci, da mai shan maganin hawan jini, suna bukatar likita ya tsara musu tun kafin su tashi. Mu kuwa sau nawa muka zuba magungunan a cikin babbar jaka, aka wuce da ita cikin jirgi, tsoho ya rabu da maganinsa har kwana guda?

Mu zo kan tikiti, inda son zuciyarmu ya fi fitowa fili. Daga Akra zuwa New York kai tsaye tafiyar kimanin sa'a 11 ce. In aka bi ta Dubai, sa'a 8 ne zuwa can, sannan kusan 14 zuwa New York, ban da zaman jira a tsakani. Wato tafiyar ta ninka, an fara kai mutum gabas alhali yamma za shi. Dalilin da ya sa muke yawan bin irin waɗannan hanyoyi sananne ne: wani lokaci sun fi araha, kuma mai fasfon Ghana ko Nijeriya yana bukatar biza ta musamman ko da sauya jirgi kawai zai yi a filayen ƙasashen Schengen na Turai, sai in yana da wata takarda da ta ɗauke masa wannan sharaɗi. Kamfanonin da a da muke kira namu kuma sun mutu ɗaya bayan ɗaya: Air Afrique a 2002, Nigeria Airways a 2003, Ghana Airways ta bi bayansu. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu muka jawo shi ba. Amma mu tsaya mu tambayi kanmu: nawa muka kashe a walimar suna, a anko, a wayar da muke riƙe da ita? Ɗan da ya iya kama zauren biki a Bronx ya kasa ƙara abin da zai rage wa mahaifiyarsa sa'a goma sha biyu na wahala? Araha ba ta ado, kuma wanda ke biyan cikon kuɗin da jikinsa ba shi ne ya zaɓi tikitin ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne yawancin taimakon da take bukata kyauta ne. Dokar Tarayyar Turai ta 2006 da dokar Amurka ta 1986 sun wajabta a taimaki fasinja mai rauni ba tare da karɓar ko kwabo ba, manyan kamfanonin jirage kuma suna yin haka a sauran wurare. Ana neman keken guragu tun lokacin sayen tikiti, ko aƙalla sa'a 48 kafin tashi, sai ma'aikaci ya tarbi tsohuwa a bakin jirgi ya kai ta har ƙofar na biyu. Ana iya zaɓar abincin halal ko na masu ciwon sukari. Ana iya zaɓar kujerar gefen hanya don ta tashi yadda take so. Duk wannan aikin minti goma ne a waya. Ba ma yi, ko don ba mu sani ba, ko don wani girman kai na cewa "uwata ba gurguwa ba ce." Muka kare ta daga keke, muka bar ta zaune a ƙasa.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da ya kamata mu kira ta da sunanta, wato saƙo. Da an ji Hajiya za ta tashi, sai gida ya cika da ƙulle-ƙulle: wannan na 'yata ne, wannan na ƙanena ne, ga yaji, ga kilishi, ga maganin gargajiya. Ita kuwa kunya ta hana ta buɗewa, balle ta ƙi. Amurka ba ta yarda a shiga da nama irin kilishi daga ƙasashenmu ba, kuma wanda bai bayyana abincin da ya ɗauko ba yana iya shan tara. Saudiyya kuwa hukuncin safarar ƙwaya a can yana kaiwa ga kisa. Ba mu manta da ɗalibar nan ta Kano ba, wadda aka kama a Madina a ƙarshen 2018 saboda jakar ƙwaya da wasu suka liƙa wa sunanta, ta yi watanni a tsare kafin gaskiya ta fito a 2019. Ita tana da ilimi da masu tsaya mata. Tsohuwar da ba ta iya karanta sunanta a jikin jaka ba fa? Duk wanda ya ba dattijo ƙulli a rufe ya ɗora masa abin da shi kansa ba zai yarda ya ɗauka ba.

Za a ce mana ai samun bizar ɗan rakiya ya fi samun tikiti wuya. Haka ne, ba mu musa ba. Amma madugu ba lalle ya zama ɗan cikinka ba. Kowane mako akwai ɗan zango da ke tashi daga Akra zuwa garin da mahaifiyarka za ta, ɗalibi ko ɗan kasuwa ko mai komawa aiki. Muna da zaurukan WhatsApp na unguwa da na masallaci da na 'yan gari, muna cika su da hotunan biki da gardamar ƙwallo. Me zai hana a ce, "Wa zai tashi ranar kaza? Ga mahaifiyarmu"? Za a ce kuma Allah ne mai tsarewa. Babu shakka, amma addinin da ya koya mana tawakkali shi ya ce a ɗaure raƙumi tukuna. Hujja ma tana gabanmu: a aikin Hajji, inda har yanzu ake tafiya ayari-ayari daga Akra da Tamale, da jagorori da malamai da likitoci, tsohuwa ba ta rasa wanda za ta yi wa magana. Ashe mun san yadda ake yi. A tafiyar ganin jika da ta neman magani ne muke watsar da abin da muka sani.

Saboda haka ga abin da muke nema, daga kanmu tukuna. Kada dattijo ya bar gida sai an zaunar da shi an bayyana masa tafiyar daki-daki da Hausa: jirgi nawa, jira nawa, yadda bayan gida yake, da cewa ruwa da abincin cikin jirgi ba a biya, domin da yawa suna ƙi ne don zaton za a caje su. A rubuta masa takarda da Turanci ya rataya a wuya, da sunansa da inda za shi da lambar mai tarbarsa da ciwon da yake da shi. A sa magani a jakar hannu, da 'yan daloli kaɗan, da waya mai caji. A kai shi wajen malam ya koya masa hukuncin kasaru da haɗa salloli da taimama, don kada ya yi tafiyar da nauyin zunubin da shari'a ta riga ta sauke masa. Limamanmu su ware huɗuba guda a kan saƙo. Sarakunan zango da ƙungiyoyinmu na ƙetare su naɗa mutum biyu ko uku a kowane gari, aikinsu haɗa matafiyi mai rauni da ɗan rakiya.

Bayan mun yi namu, sai bakinmu ya yi ƙarfin neman haƙƙi a waje. Hausa harshen miliyoyin mutane ne, BBC tana watsa shiri da shi tun 1957, kuma kamfanonin da ke cika jiragensu da mu daga Akra da Kano da Yamai da Njamena ba za su talauce ba don sun naɗi sanarwar tsaro ta minti biyu da Hausa. A nan Ghana mu 'yan tsiraru ne, ba wanda zai nema mana wannan in ba mu nema ba, kuma ba a nema da gunaguni a zaure. Ana rubutawa ne, da sunan ƙungiya, a sake rubutawa.

Dattijuwar nan mun kai ta masallaci ta yi alwala ta rama sallolinta, mun saya mata shayi da burodi, mun damƙa ta hannun wata ma'aikaciya da keke. Da za mu rabu ta riƙe hannunmu ta ce, "Kada ku gaya wa ɗana, zai ji ba daɗi." Ba mu san ɗanta ba, ba mu gaya masa ba. Amma in yana karanta wannan shafi, shi da irinsa, tikitin komawarta yana hannunsa. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin iyaye, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.