Abin Da Ke Fitar Da Tsofaffin Kura Da Bunkure Daga Gida Da Almuru

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, noman rani ya sauya rayuwar ƙasar Kura da Bunkure. Da zarar lokacin tumatir da alkama ya kama, sai majiya ƙarfi su wuni a gona, a bar dattijo mai gigin tsufa shi kaɗai a zaure. In ya fice da almuru, ko ya ce surukarsa ta sace masa kuɗi, sai a ce rigima ce, wasu ma su ambaci aljannu ko maita. Wannan fassara kuwa zalunci ce.

Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma nau'insa mafi yawa shi ne wanda likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Abin da ya faru jiya shi ke fara gushewa, na ƙuruciya ya daɗe daram. Saboda haka tsohon da ya nufi bakin magudanar ruwa mai yiwuwa gonar mahaifinsa yake nema, wadda ya sani kafin a baje filaye a sake yanka su. A idonsa garin ne ya ɓace. Haka nan zargin sata: ya ajiye, ya manta, hankalinsa ya samo masa dalili.

Amma ba kowace tarzoma ce daga ciwon kansa take ba. Mutumin da kalmomi suka ƙwace masa ba ya iya cewa haƙori na damunsa, sai ya yi ihu. Ƙishirwa, bushewar ciki, ciwon mafitsara, raunin ji da gani, duk suna birkita shi. A ƙasar da ruwa ke kwance rani da damina, zazzaɓin cizon sauro ma na iya ruɗa tsoho cikin kwana ɗaya, alhali kuwa yana da magani.

Kamata ya yi ma'aikatan asibitocin Kura da Bunkure su fara duba waɗannan abubuwa kafin su ba da maganin barci, wanda kan jawo wa tsoho faɗuwa. Su kuma iyalai su daina kulle shi ko musu da shi, su raba kwanakin zama tare da shi kamar yadda suke raba kwanakin ban ruwa.