Ra'ayinmu: Gidajen Rediyo Su Fito Su Nemi Makaɗan da Ke Raye

A Ikara da Makarfi da Kudan, rediyo bai sauka daga matsayinsa ba. Yana rataye a gonar rake, yana gefen masu dafa mazarƙwaila, yana teburin mai shayi a Hunkuyi da Tashar Yari. Wanda ya saba zama a irin waɗannan wurare ya san abin da kan faru idan aka sako Shata ko Ɗanƙwairo. Hira takan lafa, wani ya ce a ƙaro murya, dattijo ya shiga gaya wa samari ko wane ne ake yi wa waƙar da abin da ya yi har ya cancance ta. Gidajen rediyo sun san da wannan ƙauna, shi ya sa ba sa rabuwa da tsofaffin faya-fayai.

Sai dai Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Kusan duk kiɗan gargajiyan da masu sauraro ke shauƙi a yau na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ne, Allah ya jiƙan su. Ba kasafai ake jin an ɗauko ƙungiyar makaɗa masu rai, da gangunansu da 'yan amshinsu, an watsa su kai tsaye ba. Shin faifan magabata ya wadatar, ko akwai haƙƙin da ya rage a wuyan gidajen rediyo? Masu sauraro sun rabu a kan wannan, kuma kowane ɓangare yana da abin faɗa.

Ya kamata a tuna yadda aka samu faya-fayan nan tun farko. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, kafin ɓangaren rediyon ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1978. A wancan zamani makaɗi yakan zo ne da jama'arsa gaba ɗaya, a jera su gaban na'ura, su yi kiɗa da waƙa a tashi guda. Shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka suka kai muryoyin nan ƙauyukan da ko mota ba ta shiga. Wato taskar da muke alfahari da ita yanzu ta samu ne saboda ma'aikatan da suka ɗauki makaɗan zamaninsu da daraja tun suna raye.

Kiɗan kuwa ba na mutum ɗaya ba ne, ko da sunan mutum ɗaya ake ambata. A ƙungiyar kalangu akwai mai jan ragama da ke matsa tsarkiya yana sa ganga magana, akwai masu ƙananan ganguna da ke riƙe awo, akwai 'yan amshi da ke jiran daidai inda uban waƙa zai ja numfashi su karɓe. Babu takarda a gabansu. Da ido da kunne suke fahimtar juna, kuma hakan ba ya samuwa sai an yi shekaru ana tafiya tare. A fada abin ya fi haka tsari: tambari, kakaki, farai, algaita, kotso, taushi, banga, kowanne da muƙaminsa, da lokacin da ake buga shi, da wanda ya isa a buga wa. Kiɗan sara na daren Juma'a a ƙofar Sarki yana cikin abubuwan da David Ames da Anthony King suka bayyana a littafinsu na 1971 kan kalmomin kiɗan Hausa, bayan binciken da suka yi a Zariya da Katsina. Irin wannan ilimi hannu ne ke koya wa hannu. Kaset yana adana sauti, amma ba ya koya wa yaro yadda ake ɗaure fata ko yadda ake riƙe iska a kumatu don kada algaita ta yanke.

Masu cewa a bar abin yadda yake ba su rasa hujja ba. Na farko, sukan ce na yanzu ba su kai na da ba, kuma a wurare da dama gaskiya ne. Na biyu, matasa sun koma waya, suna sauraron Nura M. Inuwa da Ali Jita da Hamisu Breaker, kuma ba laifi ba ne mutum ya so kiɗan zamaninsa. Akwai batun kuɗi: mai fiyano ɗaya a ɗakin ɗaukar sauti zai fitar da abin da sai an ciyar da mutum goma, an yi musu mota, kafin a samu irinsa da ganguna. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta roƙo. Da zarar an kafa kiɗa a bainar jama'a, masu liƙi sukan mamaye fili, waƙa ta koma jerin sunayen 'yan siyasa da masu hannu da shuni, mai sauraro a gida ya ƙosa ya murɗa tasha. Sannan akwai malamai da iyaye da ke ƙyamar taron kiɗa saboda cakuɗuwar maza da mata da kai dare da ake yi. Wannan ƙasa ce ta malamai da almajirai, kuma duk tsarin da ya yi watsi da damuwarsu ba zai je ko'ina ba.

Ɗaya ɓangaren kuma yana kallon abin da ke ɓacewa a gaban idonsa. Gayya ta ja baya tun da maganin feshi da ƙwadago suka karɓe noma, gangar noma ta rasa filinta. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, kuma a al'adarmu ƙofar hakimi ita ce rumfar makaɗan fada. Biki ma yanzu galibi lasifika ake haya. Ɗan makaɗi da ya ga mahaifinsa yana zaman jiran Sallah kafin a neme shi, da wuya ya gaji sana'ar. Idan an ce na yanzu ba su kai na da ba, sai a tambaya: a ina aka ba su filin da za su goge? Shata kansa shekaru ya yi yana yawon kiɗa gari-gari kafin ya zama Shatan da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa.

Wasu ƙasashe sun nuna abin da rediyo zai iya. A Ingila, wasannin Proms, inda manyan ƙungiyoyin masu goge da bushe-bushe ke kiɗan gargajiyar Turai, sun faro a 1895, BBC ta karɓi ɗawainiyarsu a 1927, kuma har yau takan watsa su kai tsaye na kimanin mako 8 a kowace shekara. Masu sauraronsu ma suna da tasu gardamar, har kan ko ya dace a tafa kafin kiɗa ya kai ƙarshe. A Masar, fiye da shekara 30 mawaƙiya Ummu Kulsum ta yi tana hawa dandali a Alhamis ta farkon wata tare da makaɗanta, rediyon Alƙahira yana watsawa, iyalai a ƙasashen Larabawa suna taruwa don wannan daren. Abin da ya haɗa misalan biyu shi ne lokaci tabbatacce da mai sauraro ya sani, yake jira.

Mun auna ɓangarorin biyu, kuma mun tsaya tare da masu neman a fito da makaɗa masu rai. Ƙorafin ɗaya ɓangaren ba dalilin fasawa ba ne, sharuɗɗa ne da za a gina shirin a kansu. Muna kira ga Rediyon Tarayya na Kaduna, da gidan rediyon jiha, da tashoshin da ke Zariya, su ware sa'a guda ko da sau ɗaya ne a wata, a riƙa zagayawa: wannan wata Ikara, na gaba Makarfi, na gaba Hunkuyi. A yi shi bayan La'asar a tashi kafin Magariba, da wurin zaman mata daban. A biya ƙungiya lada sananne tun kafin ta hau, a ajiye liƙi sai an rufe na'ura, kada kuma a sayar wa ɗan takara baiti ko ɗaya. Guɗa da kirari kuwa a bar su, domin a wurinmu suna cikin kiɗan.

Mai gabatarwa ya ambaci sunan kowane makaɗi da abin da yake bugawa da garinsu, ya bar waƙa ta kai ƙarshenta ba tare da talla ta tsinke ta ba. Ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan za su iya ba da fili da janareta da mota, masu cinikin rake da tumatir da hatsi su ɗauki nauyin sauran a ambace su a farko da ƙarshe. Kowane shiri a kai kwafinsa Gidan Arewa da ke Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello, tare da rubutattun sunayen waɗanda suka yi shi.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar kasafi. A hawan Sallah na Zazzau hakimai sukan shigo Zariya da makaɗansu, tashoshi kuma suna wurin da na'urorinsu. Galibi mai sharhi ne ke magana a kan sautin algaita da ganguna daga farko har ƙarshe. A Sallah mai zuwa, idan tawagar kowane hakimi ta iso, mai sharhi ya faɗi sunanta, ya miƙa makirufo wajen makaɗa, ya ba su minti 2 cikakku kafin ya ci gaba.