Layar Zana Ba Ta Hana A Ji Takunka

Kai mai buga Dungeons & Dragons, daina musu da jagoran wasa. Wai don ka yi tsafin ɓacewa shikenan an rasa inda kake? Ina! A dokokin bugu na 5 na 2014, ɓacewa daban, ɓuya daban. Ido ne kawai ka tsere wa. Ana jin takunka, ana ganin sawunka. Ribarka ita ce mai kawo maka hari zai jefa dayis biyu ya ɗauki ƙaramin, kai ka ɗauki babban. In kana so a rasa ka, sai ka ɓuya, makinka ya fi na lurar maƙiyi. Kuma da ka kai sara, tsafin ya karye. Karanta dokar, kar ka ɓata wa abokanka dare.