Tsohon Injin Zarto da Sikelin 'Yan Gwangwan

Duk wanda ya saba bi ta Bata, watau mahaɗar nan da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari wadda ta ci sunan kantin takalma na kamfanin Bata, ya san irin kurar da 'yan gwangwan ke turawa cike da tsofaffin ƙarafa. A kan irin wannan kura ce muka yi kiciɓis da wani injin zarto mai tebur, na tsaga katako, tsatsa ta rufe masa fuska, ba bel, ba murfi. Amma a gefensa akwai ɗan faranti mai ɗauke da sunan Wadkin, kamfanin da aka kafa a birnin Lesta ta Ingila a 1897. Mai kurar ya ce daga gwanjon wata ma'aikata ya fito, kuma sikeli zai kai shi a auna kilo-kilo, daga nan sai gidan narka ƙarfe. Mu huɗu muka yi karo-karo muka fanshe shi, muka ajiye shi a zauren gidan ɗayanmu.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne ƙanƙantar ciwon da ya kusa kai shi wuta. Teburin na zubin ƙarfe ne, irin wanda ba ya lanƙwashewa, kuma nauyinsa ke hana injin rawa in yana aiki. Da muka jiƙa shi da kananzir muka bi shi da samfefa, sai ga shi sumul. Boris biyu da ke riƙe da sandar zarton sun mutu, muka sami madadinsu a Ƙofar Ruwa tare da sabon bel. Moton ya ƙone, muka kai wa wani dattijo mai naɗin koyil a Fagge, ya warware tsohuwar wayar yana ƙirga zagayenta, kana ya naɗa sabuwa. Da ɗayanmu ya ce, "Baba, anya zai tashi kuwa?" sai ya ce, "Ɗana, wannan ya girme ka, kuma zai ga jikokinka." Aikin da ya fi cin lokaci shi ne saiti, domin tilas ne bakin zarton ya daidaita da jingar da katako ke bi. In ta karkace ko da kaɗan, katakon zai matse zarton ya ƙone, ko ya dawo da ƙarfi ya bugi mai aiki.

To, ya 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, ga inda maganar ta shafe mu. Wa ya sa hannu a takardar da ta ce wannan inji ya mutu? Ba kafinta ba ne, ba kuwa mai naɗin koyil ba. Irinmu ne, masu takardar shaida, waɗanda watakila ba su ko leƙa ɗakin da yake ba. Wannan hali kuwa tsoho ne. Lokacin da aka soma tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, gwamnati ta shigo da kayan koyar da sana'a daga ƙasashen Gabashin Turai, amma da yawansu suka shekara da shekaru a cikin akwatunansu, saboda ba lantarki, ba ɗakin aiki, ba malamin da zai harhaɗa su. Daga 1986, da tsarin SAP ya karya darajar Naira, sayen sabon inji daga waje ya fi ƙarfin ƙaramin kafinta, kuma har yau bai dawo hannunsa ba. Ƙasar da ke narka irin waɗannan injuna da ta gada don a yi rodi da su, lalle ne ta sake lissafi.

Akwai masu cewa tsohon inji haɗari ne, kuma ba za mu ƙaryata su ba. Wanda ya zaga 'Yan Katako ta Na'ibawa ya dubi hannuwan masu tsaga, zai ga yatsun da zarto ya ci. Sai dai mafi yawan laifin yana ga abin da aka cire wa injin: murfin zarton, da wuƙar nan da ke tsaye a bayansa don hana katako matsewa. Mu sai da wani maƙeri ya yanka mana sabuwar wuƙa, muka kuma fafe sandar tura katako, kafin muka yarda a kunna shi. Gyaran da bai haɗa da waɗannan ba ganganci ne. Haka nan batun wuta: irin waɗannan injuna galibi wutar layi uku suke ci, ta gida kuwa layi ɗaya ce, don haka sai dai a sake moto ko a sayi na'urar da ke juya wutar, kuma wannan kuɗi ne wanda ya kamata mai niyya ya sa a lissafinsa tun da fari.

Roƙonmu ga wanda aka naɗa cikin kwamitin gwanjo shi ne ya tashi daga kujera ya je ya ga injin da idonsa, ya tafi da kafinta da mai naɗin koyil, a rubuta abin da ya lalace da kuɗin gyaransa. In ma'aikatar ba ta bukatarsa, a sayar da shi ɗungurungum ga yaran da suka gama koyon kafinta, kada a kai shi sikeli. Namu dai ya tashi. Falankin maɗaci muka fara ba shi, kuma yanzu wani yaro ɗan Fagge ke aron sa yana haɗa bencina na makarantar Islamiyyar unguwarsu.